Yaya Ba Ya Roƙo

Ran Litinin da hantsi Mai Katako ya shigo shagon. Sallamar ma a ciki-ciki ya yi ta, ya wuce kai tsaye wurin injin tsaga katako ya dafa shi, irin dafawar da mutum yake yi wa abin da ya riga ya zama nasa. Kafinta yana tsaye da fensir a bayan kunne, yana kallon hannun nan a kan injinsa, ya ji kamar a wuyansa aka ɗora shi.

"Malam, ni fa ba faɗa na zo yi ba," in ji Mai Katako. "Wata bakwai ke nan. Dubu ɗari huɗu ba kuɗin shayi ba ne, kuma ni ma masu kawo mini kaya sun tsaye mini a wuya. Ka kawo rabi ran Alhamis kafin la'asar in ƙara maka lokaci. In babu, ka dai san abin da muka rubuta."

Ya sani kuwa, don da hannunsa ya sa hannu a takardar: in ya gaza biya, injin ya zama na Mai Katako. Shekara ashirin da biyu injin nan yana kafe a tsakiyar shagon da noti huɗu. Da shi aka ci aka sha, da shi aka biya haya, da shi ƙannensa biyar suka yi karatu bayan rasuwar mahaifinsu. Kafintan da ba shi da inji a wannan zamani, sai dai ya koma gyaran ƙafar kujera.

"Allah Ya kai mu Alhamis ɗin," in ji Kafinta, kamar mai kuɗin a aljihu.

Ba caca ya yi ba, ba shagali ba. Aiki ne ya kai shi ya baro. Wani mai makaranta ya ba shi kwangilar benci da tebur ɗari da ashirin, ya biya kashi ɗaya cikin uku, ya ce sauran sai an kai kaya. Kafinta ya ɗauki katako bashi, ya yi wata biyu yana shaƙar dusa, ya kai kaya tsaf ba ko ƙusa ɗaya a karkace. Tun daga ranar mai makaranta ya zama iska. Yau ya yi tafiya, gobe yana taro, jibi iyayen yara ne ba su biya ba. Yaran dai suna can zaune a kan bencinan suna karatunsu, wasu har sun fara zana sunayensu a jiki da reza.

Don ya ɗan sanyaya ran Mai Katako sai ya ci bashin waya, irin wanda mutum zai danna sau uku kuɗi su faɗo kamar kyauta. Da ranar biyan na farko ta zo, ya ci na biyu ya biya shi, ya ci na uku ya biya na biyu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wayarsa ta koma kuka tun safe har yamma, 'yan yaran masu bashin, waɗanda ya isa ya haife su, suna kiransa maci amana, suna cewa za su watsa hotonsa ga duk wanda ke cikin wayarsa.

A cikin wannan hali ne ya ga wata talla a waya. Wai wani kamfani ne yake tattara wa mutum basussukansa ya biya masa, shi kuma ya riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan ba tare da ruwa ba. Ya kira. Wata mace mai murya kamar zuma ta ɗauka, ta ce masa "ranka ya daɗe", kalmar da ya yi wata bakwai bai ji daga bakin kowa ba. Aka ce kuɗin buɗe fayil, ya tura. Aka ce kuɗin inshora, ya tura. Aka ce kuɗin hatimi, shi ne na ƙarshe wallahi, ya tura. Dubu casa'in da ya tara da ƙyar don Mai Katako suka tafi cikin kwana huɗu, rana ta biyar lambar ta daina shiga. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Wannan maganar ko matarsa bai gaya wa ba.

To, bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wani a irin wannan matsi sai ya kira 'yan'uwa ya ce ku taimake ni. Amma shi ba wani ba ne, shi ne Yaya. A gidansu in an ce Yaya ba a tambayar wanne. Shi ake kira in asibiti ya taso, shi ake kira in mai gida ya ba da notis, shi yake sa hannu a aljihu kafin a gama bayani. Ƙannensa maza huɗu, kowanne da ƙyar yake riƙe gidansa. Mutum ɗaya ce a duk zuriyar take da dubu ɗari biyu a ajiye, ita ce Auta.

Auta tana shekara shida mahaifinsu ya rasu, don haka uban da ta sani shi ne Yaya. Yanzu ma'aikaciyar banki ce, kuma teburinta shi ne wanda waɗanda aka damfara suke zuwa su yi kuka a gabansa. Ta ga tsofaffin da aka kwashe wa fansho, ta ga 'yan kasuwa, ta ga har malaman jami'a. Aikin ya koya mata wayo, ya kuma ɗan busar mata da ido. Duk taron dangi sai ta ba da labarin wani wawan da ya tura kuɗin hatimi, a yi ta dariya. Kafinta ma da shi ake dariyar a da.

Bayan fitar Mai Katako ya zauna a kan bencin aiki ya daɗe. Babbar wayarsa tana cikin aljihun tebur a kashe tun kwana uku saboda masu bashi. Wadda yake amfani da ita yanzu wata 'yar ƙarama ce mai madannai, da sabon layi da ya saya don masu kawo aiki kaɗai, babu wani ɗan'uwa da yake da lambar. Ya ɗauke ta ya ajiye, ya sake ɗauka. Kira kam ba zai iya ba. Ya san muryarsa, ya san in ya ji ta ce "Yaya, ina wuni" da fara'ar nan tata, zai ce mata lafiya lau ya kira ne su gaisa. Rubutu ya fi sauƙi, don rubutu ba ya rawa.

Ya fi rabin sa'a yana danna madannan da babban yatsansa mai kanta. Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. Abin da ya tsira a ƙarshe shi ne:

"Auta, Yaya ne. Wannan sabon layina ne. Ina cikin matsala, ina bukatar dubu ɗari biyu kafin Alhamis. Don Allah kada ki gaya wa kowa. Zan mayar miki."

Ya tura, ya kife wayar a kan benci kamar ta ƙona shi. A shekara hamsin da ɗaya da ya yi a duniya, wannan ne karo na farko da ya roƙi wani mahaluƙi kuɗi ba a kan ciniki ba.

Bawan Allah bai san cewa ya tattara duk alamomin da Auta take lissafa wa mutane kullum ba. Sabon layi, matsalar da ba a faɗi irinta ba, gaggawa, da kada ki gaya wa kowa. Ko ɗan damfarar da ya shekara goma a sana'ar ba zai tsara saƙon da ya fi wannan kama da na damfara ba.

Minti biyar wayar ta fara kuka. Lambar Auta ce. Ya kalle ta tana rawa a kan katako tana tura dusa gefe, hannunsa ya ƙi miƙuwa. Ta katse, ta sake kira, ta sake. A kira na uku har ya ɗauke ta, yatsansa yana kan madannin, amma ya san in ya buɗe baki kuka ne zai fito. Yaya yana kuka a kunnen Auta? Ya bar ta ta katse. Sai ga saƙo:

"Na kira layin Yaya a kashe. Kai kuma ka ƙi ɗauka. To in kai ne Yaya, amsa mini wannan. Ranar da ka kai ni makarantar kwana, me ka ce mini a bakin ƙofa?"

Ya tuna ranar kamar jiya. Akwatin katako ne a kansa, wanda ya ƙera mata da hannunsa, ita kuma tana riƙe da bokiti tana sharar hawaye. Ya sauke akwatin, ya durƙusa daidai tsayinta, ya ce mata: "Auta, kome wuya kada ki miƙa wa kowa hannu. Gidanmu ba a roƙo. Wanda ya roƙa sau ɗaya ya sayar da fuskarsa." Ba ranar kaɗai ya faɗa ba, amma ranar ce ta zauna mata.

Duk tambayoyin duniya, ita wannan ta zaɓa. Ya fara rubutawa. Ya kai "Gidanmu ba a", ya tsaya yana kallon kalmomin, da saƙonsa na roƙo a samansu. Ya ji kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ya goge harafi bayan harafi, ya kashe wayar, ya cusa ta cikin gwangwanin ƙusoshi ya rufe. Sannan ya tayar da injin ya yi ta tsaga wani katakon da babu wanda ya ba shi aikinsa.

Da yamma ya tarar da matarsa a ƙofar kicin da waya a hannu tana dariya har da riƙe ciki.

"Baban yara, yau ka yi suna! Zo ka ga abin da Auta ta sa a guruf ɗin gida."

Ta miƙo masa. Ga saƙonsa nan, an ɗauki hotonsa, an zagaye "ina bukatar" da jan layi. A ƙasa Auta ta rubuta: "Jama'a hattara! Wani ɗan damfara yana amfani da sunan Yaya. Kada wanda ya tura ko sisi. Na yi masa tambaya ɗaya tak, ya ɗauke wuta."

Saƙonni sun fi arba'in. Ƙaninsa direba ya rubuta cewa ɓarawon nan bai yi bincike ba, da ya yi da ya zaɓi sunan wani, ba Yaya ba. Wata 'yar ƙanwar babansu ta ce ranar da Yaya zai roƙi kuɗi, ranar rana za ta fito daga yamma. Kawu kuwa, da ba ya iya rubutu a waya, murya ya turo, matar ta danna masa ya ji: "Allah Ya tsine wa wannan matsiyaci mara zuciya. Yaron nan tun yana ɗan shekara ashirin da tara yake ɗauke da gidan nan, ban taɓa jin ya ce wa wani ba ni ba. Ku bar ɗan iska, Allah Ya tona masa asiri."

"Amin," in ji matar. "Ka ce amin mana."

"Amin," in ji Kafinta.

"Wai kai ina wayarka? Auta ta ce tun rana take nemanka."

"Batirin ne ya lalace."

Ta zuba masa abinci, ya ci loma uku ya ture. Abin da ya fi ci masa rai shi ne babu wanda ya zage shi. Yabonsa suke yi, kowa yana ƙara nasa, kuma kowane yabo ƙusa ce ake bugawa a ƙofar da ya ɗan buɗe da ƙyar. Shi ya gina wannan Yaya da hannunsa shekara da shekaru, ya goge shi ya shafa masa fenti, ga shi yanzu Yayan ya tsaya a bakin ƙofa ya hana shi fita.

Talata ya je wurin mai makaranta. Aka ce yana taro. Ya zauna a kan ɗaya daga cikin bencinansa a baranda tun safe har aka tashi yara, sannan maigadi ya zo ya raɗa masa cewa mutumin ya fita ta ƙofar baya tun azahar.

Laraba da rana, yana durƙushe yana gyaran ƙafar wani tebur, ya ji ƙarar takalmi mai tsini a kan siminti. Auta ce, da katin aiki a wuyanta da leda a hannu. Ta durƙusa ta gaishe shi duk da dusar da ke ƙasa, don ita har yau ba ta gaishe shi a tsaye.

"Yaya, ka tayar mana da hankali. Ga sabon batir na sayo maka, in bai yi daidai ba a canza. Mutum kamarka bai kamata a neme shi a rasa ba, irin wannan ne yake ba 'yan damfara ƙofa."

"Allah Ya yi miki albarka."

Ta share gefen benci da hankici ta zauna, gwiwarta saura kaɗan ta taɓa gwangwanin ƙusoshin. Ta shiga yi masa darasi da yatsu. In an ce maka sabon layi, ka kira tsohon. In an ce da gaggawa, ka ƙara jinkiri. In an ce kada ka gaya wa kowa, to a lokacin ne za ka gaya wa kowa. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin ya ba ka kuɗi, ɓarawo ne, ko da hular liman ya zo. Duk gaskiya take faɗa, babu ko ɗaya da za a ce ƙarya ce, shi ya sa ma take da zafi.

"Ka san har wani saƙo na samu makon jiya," ta ce, "wai kai ka ci bashi ka gudu, har da hotonka. Ko karantawa ban gama ba na goge. Na ce waɗannan ba su san wanda suke magana a kansa ba."

Kafinta ya ɗauki samfefa ya fara goge ƙafar teburin da ta riga ta yi sumul.

"Wace tambaya kika yi wa mutumin?" ya ce, idonsa a kan katako.

Ta yi dariya. "A'a Yaya, wannan sirri ne. Ko a guruf ban faɗa ba, don tambaya in ta fita ta tashi daga aiki. Kai ma ba zan gaya maka ba. Kai dai in an yi maka ita, ko cikin barci za ka amsa."

Ya gyaɗa kai.

"Ni abin da ya ba ni haushi ma," ta ci gaba, "wallahi da na ga saƙon sai da gabana ya faɗi. Na ce ko dai da gaske ne? Har na buɗe asusuna. Sai na ce kai, Yaya? Ai da in ga ranar nan gara in ga mutuwata." Ta dafa ƙirji. "Amma wallahi da kai ne, kafin ka rufe baki kuɗin sun shigo. Duk abin da nake da shi ai naka ne."

Ga ƙofa nan ta buɗe masa har bango. Kalma biyu ce kawai, ni ne. Ya ji su sun taso sun zo bakinsa. Ya ɗago ya dube ta, ya ga yadda take kallonsa, irin kallon da take yi masa tun tana riƙe da bokiti a ƙofar makaranta, kallon wanda bai taɓa faɗuwa ba. Gara ta ga mutuwarta, haka ta ce. In ya ce ni ne, sai ya faɗi bashin waya, sai ya faɗi kuɗin hatimi, sai ya zama ɗaya daga cikin wawayen da ake ba da labarinsu a taron dangi. Ita kuma sai ta koma guruf ta goge abin da ta rubuta, kowa ya tambayi dalili, Kawu ya janye tsinuwarsa.

"Na sani, Auta," ya ce. "Kin yi daidai da ba ki tura ba."

"Ai kai ka koya mini tsayawa a kan abu." Ta tashi tana kaɗe siket. "Na ma kai ƙarar lambar, za a rufe ta. Aiki dai lafiya ko?"

"Alhamdu lillahi."

Ya raka ta har bakin titi, ya tsayar mata da mota, ya kuma rantse sai shi zai biya kuɗin. Kuɗin cefanen gobe ne ya miƙa wa direban. Girman kai rawanin tsiya ne, amma wanda ya daɗe da naɗa shi ba ya jin nauyinsa sai ranar da ya so cirewa.

Alhamis ya zo shago da sassafe. Ya share injin tas, ya cire dusar da ta maƙale a haƙoran zarton da tsinke, ya zuba mai a inda yake zubawa duk ranar Asabar. Bai san dalilin da ya sa yake yi ba, shi dai ba ya so a ce ya ba da kaya da datti. Sau biyu ya buɗe gwangwanin ƙusoshi ya kalli ƙaramar wayar, sau biyu ya mayar da murfin.

Ana idar da la'asar Mai Katako ya zo da motar ɗaukar kaya da ƙarti uku. Bai yi wulaƙanci ba, gaskiya. Ya tambaya sau ɗaya, "Malam, an samu?" Da ya ga Kafinta ya girgiza kai sai ya ce wa mutanensa bismillah. Notin sun yi tsatsa sun ƙi kwancewa, ƙartin suka yi ta kokawa da su suna neman lalata kan. Kafinta ya kasa jurewa, ya karɓi sufana ya durƙusa ya kwance su da kansa, ɗaya bayan ɗaya, don shi ya ɗaure su, shi ya san hannunsu. Maƙwabtan shago suka fito suka tsaya, mai walda ya ɗaga gilashinsa sama, tela ya leƙo da tef a wuya.

Matar tela ce ta kira matarsa, matarsa kuma ta kira Auta. An gama ɗaure injin da igiya a bayan mota ke nan Auta ta sauko daga kan babur, ko mayafinta ba ta gyara ba.

"Me ake yi a nan? Ina za ku kai shi?" Ta juya ga Mai Katako. "Nawa ne? Nawa kake binsa? Yanzu zan tura maka, ba ni lambar asusunka!"

"Hajiya, kin makara," in ji shi, ba da gatse ba. "Tun jiya na karɓi kuɗin wani a kansa, da sharaɗin in la'asar ta yi ba a biya ni ba ya zama nasa. Yana can yana jira. Da ko da azahar kika zo da rabi, wallahi da na mayar masa da kuɗinsa."

"Rabin nawa ne?"

"Dubu ɗari biyu."

Ta ɗan yi turus, kamar adadin ya taɓa wani wuri a kanta, amma hankalinta yana kan motar da aka riga aka tayar. Suka tsaya suna kallo har ta sha kwana, injin yana girgiza a baya.

Kafinta ya koma cikin shago. Tsakiyar ɗakin ta yi fili, sai wani murabba'i mai haske a siminti inda dusa ba ta taɓa sauka ba, da ramuka huɗu a kusurwoyinsa. Ya zauna a kan bencin aiki da sufanar a hannu. Auta ta biyo shi, hawaye yana zuba, muryarta tana rawa da kuka da fushi a haɗe.

"Yaya, jiya fa na zo nan. Jiya! A nan na zauna, na tambaye ka ko lafiya, ka ce alhamdu lillahi. Me na yi maka? Ni ba 'yar'uwarka ba ce? Injin nan da shi ka yi mini karatu. Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Bai dube ta ba. Ya ajiye sufanar, ya jawo gwangwanin ƙusoshi, ya buɗe, ya zaro ƙaramar wayar ya hure ƙurar tsatsa daga jikinta, ya ajiye a kan benci tsakaninsu. Da ya yi magana, muryarsa a daidai take, kamar mai karanta awon katako.

"Akwatin yana kaina, ke kina riƙe da bokiti. Na sauke, na durƙusa, na ce miki, Auta, kome wuya kada ki miƙa wa kowa hannu. Gidanmu ba a roƙo. Wanda ya roƙa sau ɗaya ya sayar da fuskarsa." Ya tura wayar gabanta. "Amsar tambayarki ke nan. Na makara da kwana uku."

Auta ta kalli wayar, ta kalli yayanta, ta sake kallon wayar. A hankali ta zame ta zauna a ƙasa cikin dusa da kayan aikinta, ta ɗora hannu biyu a ka.

A cikin jakarta wayarta ta yi ƙara, wani ne a guruf ɗin gida yake tambaya ko an kama ɓarawon.

Kafinta ya tashi, ya ciro zarton hannu daga ƙusar da yake rataye tun shekara ashirin da biyu, ya shafa haƙoransa da yatsa. Sun dushe, sai an wasa.